'Yar Jummai a Ɗakin Sanyi

Ƙasar Holan,
6 ga Afrilu, 2003.

Zuwa ga Malama Sadiqa Mato, Fassi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba Mato, da fatan ciwon gwiwar nan ya sassauta masa. Ki gaida mai gidanki Muntari da yara. Ni lafiyata ƙalau, ban da murar da ta ƙi barina tun watan jiya.

Na san za ki ce zumunci a ƙafa yake, nawa kuma ya koma cikin ambulan. Na ji na ɗauka. Amma kakarki Jummai ƙanwar kakana ce, taubasantakar da iyayenmu suka bar mana kuwa ta ba ni damar in yi laifi in ƙi ba da haƙuri.

Ga albishir. Kin tuna shekara huɗu da suka wuce, da na zo daga Zinyau yin sallama, Baba Mato ya auna mini mudu guda na 'yar Jummai? Ina nufin dawar nan da Kaka Jummai ta zo da ita daga Rurum cikin kayan aurenta, wadda ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ba ya iya ci. To wannan mudun ne ya buɗe mini ƙofa. Wani kamfanin iri ya karanta abin da na rubuta a kanta, ya ɗauki nauyin karatuna da bincikena baki ɗaya. Kin san yadda na baro gida: ɗakin gwaji ba wuta, na'urori sun zama gidan gizo-gizo, rabin shekara ana yajin aiki. Wace gwamnati ce za ta kashe ko sisi a kan dawar talaka? A nan kuwa abin da na nema da safe, kafin azahar yana kan teburina.

Mun haɗa 'yar Jummai aure da wata gajeriyar dawa mai yawan ƙwaya, kuma 'yar da suka haifa ta ba ni mamaki. Wakilin kamfanin da ke Kano zai kawo muku kwano biyu. Baba ya shuka ta a rabin gonar gindin tsamiya, ɗaya rabin ya sa tsohuwar, mu ga bambanci.

Akwai takarda a cikin ambulan ɗin nan. Shaida ce kawai cewa Baba da kansa ya ba ni mudun nan, ba ƙwata na yi ba. Ki taimaka ya dangwala yatsa a ƙasa, ki sa hannu a matsayin shaida. Turawa ba sa motsi sai da takarda.

Naki,
Habibullahi.

*

Fassi,
14 ga Disamba, 2003.

Yaya Habibu,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, an yi sallah lafiya. Gwiwar Baba tana nan yadda ka san ta, amma bana ya manta da ita. Allah ya raba ka da mura, ko da yake wanda ya bar rana ya bi sanyi shi ya jawo wa kansa.

Takardarka na mayar ta hannun wakilin tun a watan Mayu. Na karanta ta sau biyu, Turancin lauyoyi ya fi ƙarfin na malamar firamare. Baba ya ce, "Ni kyauta na ba yaro iri, me ya kawo takarda?" Da ƙyar ya yarda. Ni na riƙe masa babban yatsa na dangwala.

Yanzu ga labarin da kake jira. Yaya, gani ya kori ji. Rabin da aka shuka taka ya ba da dami talatin da ɗaya, rabin 'yar Jummai ya ba da sha biyunsa na kullum. Zangarniya guda sai ka riƙe ta da hannu biyu. Har daga Kibiya mutane suka riƙa zuwa a kan babur suna tsayawa a bakin gona. Baba ya fitar da zakka, abin da ya daɗe bai kai gare shi ba, 'yan kwamitin zakka suka zo da a-kori-kura suka ɗauka yana tsaye yana murmushi. Sunanka kuwa ya koma Dakta Mai Dawa. Kada kanka ya kumbura, mu dai mun san ka tun kana tsoron jaki.

Ka san al'adar Baba ranar girbi. Kafin a taɓa lauje yakan shiga gona shi kaɗai, ya bi kunya-kunya yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure damin iri ya rataya a cikin rumbu. Bana daga taka ya zaɓa, duka. Ya ce haka mahaifiyarsa ta koya masa, daga abin da ya fi kyau ake ɗaukar iri.

Kuma ka san ba a hana iri. Maƙwabcinsa Sharu ya zo, Baba ya auna masa. Gidajen nan huɗu na danginmu da ke shuka 'yar Jummai duk sun karɓa. Zuwa jiya gida goma sha ɗaya na ƙirga. Na ce masa, "Baba, ko mu tambayi Yaya Habibu tukuna?" Ya dube ni ya ce, "Uwata da ta zo da tata, wa ta tambaya kafin ta raba?"

'Yar Jummai dai ta yi ritaya, ta koma ta tuwo. Allah ya saka maka da alheri. Wannan daga zuciyata na faɗa, ba tsokana.

Ƙanwarka,
Sadiqa.

*

Ƙasar Holan,
19 ga Janairu, 2004.

Malama Sadiqa,

Assalamu alaikum. Na sami wasiƙarki, na yi murna da lafiyarku. Mura ta tafi, sanyi ya maye gurbinta. Dami talatin da ɗayan nan na kai wa shugaban sashenmu, ya yi ta jinjina kai.

Akwai abubuwa game da yadda aka samar da irin nan da ba ni da izinin yin bayaninsu a rubuce yanzu, sai kamfani ya gama yi masa rajista. Na sa hannu a kan haka. Abin da zan ce shi ne, kada Baba ya wahalar da kansa da zaɓen iri bana. Kafin ruwan farko sabon iri zai iso daga nan, wanda zai ishe shi har da waɗanda ya ba. Ku jira ni.

Ritayar 'yar Jummai ta ba ni dariya. Tsohuwar da ta ga yunwa uku ba ta mutu ba, ai ba ke za ki sallame ta daga aiki ba.

Ki gaida kowa.
Habibullahi.

*

Fassi,
20 ga Yuni, 2004.

Yaya Habibu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai ƙaramar 'yata Hadiza da ta yi ƙyanda, ta warke. Ina fatan kai ma lafiya, don shirunka ya fara damuna. Wannan ce wasiƙa ta uku tun watan Maris.

Na karanta wa Baba saƙonka. Ya yi dariya ya ce, "Yaron nan akwai kunya. Wai kada in wahala! Ka gaya masa zaɓen iri ba wahala ba ne, shi ne noman." Duk da haka ya jira ka, don ka ce a jira. Ruwan farko ya sauka bai shuka ba. Na biyu ya sauka, Muntari ya tafi Kano neman wakilinku, ya tarar da shagon a rufe, an cire allon. Ya hau dutse inda waya ke kamawa ya buga lambar da ka ba mu, wata Baturiya ta yi ta magana ita kaɗai.

Da ruwa na uku ya sauka Baba ya ce damina ba ta jiran wasiƙa. Ya sauke damin da ya rataya, aka sussuka, aka shuke gonar gindin tsamiya duka da ita. Sauran gidajen ma haka. Ta tsiro da kyau.

In laifi muka yi maka, ka faɗa. In aure ka yi a ɓoye, shi ma ka faɗa, za mu yafe.

Sadiqa.

*

Fassi,
28 ga Nuwamba, 2004.

Habibullahi,

Assalamu alaikum. Da rai dai muna nan. Baba ba ya jin daɗi, ba ya cin abinci sosai. Ban san halin da kake ciki ba, don haka ban san me zan tambaya ba.

Zan gaya maka abin da ya faru a gona, ko ka amsa ko kada ka amsa. Tun a watan Agusta Baba ya ga abin da bai gane ba. Iri ɗaya aka shuka, amma sai ka ce gonar mutum goma. Wata ta yi tsawo ta wuce kai, wata ba ta kai ƙugu ba. Wata ta fitar da kai da wuri tsuntsaye suka cinye, wata har ruwa ya ɗauke ba ta yi ciki ba. Da yawa sun fitar da zangarniya mai kyan gani, in ka murza a tafin hannu babu ko ƙwaya. Sannan ƙuduji ya taso. Gonar da tun ina yarinya ban taɓa ganin furensa a cikinta ba, bana ta yi ja wur. Ruwa kuma ya ɗauke tun farkon Satumba.

Dami shida Baba ya ɗaure. Sharu uku. Gida goma sha ɗaya, babu wanda zai kai watan Maris da abin da ya girba. Na sani ruwa ya yi wa kowa rowa bana, amma waɗanda suka shuka tasu ta gado sun sami rabin abin da suka saba. A irin wannan shekarar ce 'yar Jummai take nuna halinta. Ba ta taɓa cika rumbu ba, ba ta kuma taɓa barin sa wayam ba.

Babu wanda ya zagi Baba. Da ma sun zage shi. Sharu yakan gaishe shi a masallaci da ladabi fiye da da, Baba ya dawo gida ya wuni a zaure.

Mun nemi 'yar Jummai. Dami sha biyun bara mun cinye su tun kafin damina ta raba, don ita muka fara ci, muna tattalin taka. Gidajen dangi huɗu haka suka yi. Na je Rurum Sabon Gari, wajen jikokin 'yan'uwan Kaka, suka ce sun koma masara tun da daɗewa. Na je gidanku a Zinyau. Na bi 'yan hatsi a kasuwar Rano da ta Kibiya kwano-kwano. Na share ƙasan rumbu da hannuna na sami ƙwaya kaɗan, duk ƙwari sun huda su.

Ka san wannan zai faru? Tambayata ke nan. Kuma Baba ya ce in tuna maka, wanda aka auna wa iri, in mai irin ya rasa, shi yake auna masa. Mudu ɗaya yake so.

Sadiqa.

*

Ƙasar Holan,
9 ga Fabrairu, 2005.

Sadiqa,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni lafiyar jiki ina da ita. Wasiƙunki duk sun iso, har da na kafin damina. Na karanta su, na kasa amsawa.

E, na sani. Irin da aka haɗa aure sau ɗaya yake yin kyau. In aka shuka 'ya'yansa sai su watse, kowa ya ɗauko halin wani kakan. Shi ya sa kamfani yake son sa, don dole manomi ya dawo ya saya kowace shekara. Ɗalibin shekarar farko ya san wannan. Da kika rubuto cewa Baba ya zaɓi iri daga cikinta, jimla ɗaya ce ta kamata in rubuta: kada a shuka. Ban rubuta ba. Lauyansu ya ce duk wanda ya fitar da bayani kafin rajista, tallafinsa ya ƙare, ni kuma saura shekara guda in gama. Na ce a raina sabon iri zai riga damina isa, ba sai na faɗi abin da zai jawo mini ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma na yi.

Maganar tuwo kuwa, wallahi na ɗauka tsokanarki ce. Ban taɓa kawowa a raina Baba zai bar 'yar Jummai ba tare da ya rataya ko zangarniya goma ba. Na manta yadda ake yi a gida. Shekara biyar ina kallon iri a cikin kwalba mai lamba.

A watan Maris na bara wani kamfani da ya fi namu girma ya saye namu. Sababbin masu shi suka duba suka ce dawar Afirka ba ta da kasuwa. A mako guda aka rufe aikin, aka sallami wakilin Kano, aka hana fitar da ko ƙwaya. Na yi ta bin ofis-ofis ina cewa akwai mutane suna jira. Kunya ta hana ni rubuto miki ba tare da iri a hannu ba, har lokaci ya wuce.

'Yar Jummai tana raye. Abin da ya rage na mudun Baba yana cikin ɗakin sanyi na kamfanin, a fakiti uku. Na nemi a ba ni ɗaya. Suka fito da takardar da Baba ya dangwala, mai sa hannunki a ƙasa. Ba shaidar kyauta ba ce kawai, kamar yadda na gaya miki. A shafi na biyu an rubuta cewa ya sallama irin da duk abin da zai fito daga gare shi. Ni ma ban karanta shafin da kyau ba sai ranar, ko kuma ban so in karanta ba. Na rubuta musu sau huɗu. Amsar ɗaya ce, dukiyar kamfani ce, ba su da shirin amfani da ita, ba su da shirin bayar da ita. Katina ma ya daina buɗe ƙofar ɗakin.

Ba zan ce duk abin da aka yi banza ne ba. Mun gano abin da ke cikin saiwarta da ke hana ƙuduji kamawa, ilimin da zai amfani manoma da yawa. Amma shi ma nasu ne, ba ni da izinin bugawa.

Ki karanta wa Baba duka, kada ki rage don ki rufa mini asiri. Ban san da bakin da zan nemi gafararsa ba.

Habibullahi.

*

Fassi,
26 ga Yuni, 2005.

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ni da Muntari da yara muna lafiya gwargwado. Hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a yawancin gidaje, Sharu ya sayar da shanun huɗarsa.

Baba ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga wata, bayan la'asar. Allah ya jiƙansa. Ba zan ce kai ka kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare, kuma in ana rabon laifi, yatsan da ya dangwala a hannuna yake. Na yi fushi da kai wata huɗu, shi ya sa ban amsa ba. Har yanzu ban huce ba, amma akwai saƙo a wuyana.

Na karanta masa wasiƙarka duka, kamar yadda ka ce. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To tana nan ke nan." Sannan ya tambaya, "A cikin sanyi?" Na ce e. Maganar gafara kuwa, cewa ya yi yaro bai ƙwata ba, shi ya ba shi.

Da bazara ya sa aka share gonar gindin tsamiya, aka kai taki. Sauran gonakin an shuka su da irin da Muntari ya samo a Kibiya, amma kunya goma na bakin tsamiyar ya hana a taɓa. Ya ce na 'yar Jummai ne, ko mutanen za su sake shawara. Har yau suna nan ba a shuka ba. Na kasa ba da izini.

Kwana uku kafin ya rasu ya ce in ɗauko biro. Na zaci wasiyyar gona ce. Sai ya ce in rubuta wa mai kamfanin, kai kuma ka juya masa da Turanci ka kai masa hannu da hannu. Ga ta yadda ya faɗa:

"Ina gaida mai gida, ina gaida iyalinsa. An ce dawar uwata tana hannunka, kuma ta zama taka. To, Allah ya sa mata albarka. Abin da nake so ka sani, iri ba ya son dogon zama. In ya wuce shekara biyu bai ga ƙasa ba, zuciyarsa mutuwa take yi. In ba za ka ba mu ba, ka shuka ta da kanka. Kada ka yi gaggawa, ka bari sai ruwa na uku. Ƙwaya huɗu a rami, in ta tsiro ka cire biyu. Ba ta son taki da yawa. Za ka ga kamar ta makara, kada ka damu, haka take. Ranar girbi ka shiga kai kaɗai ka zaɓi masu kyau ka rataya inda hayaƙi ke kaiwa. In wani ya zo ya roƙe ka, ka auna masa."

Na ce masa, "Baba, mutanen nan ba manoma ba ne. Ba su da damina irin tamu, kuma mai kamfanin bai ma san da ita ba." Ya ce, "Mutum ya ajiye iri a ce ba manomi ba ne? Ke dai rubuta."

Na rubuta. Ka kai masa.

Sadiqa.